Kajin da Rahama Ta Kai Durun

Ruwan farko bai daɗe da sauka ba kajin Badi'a suka fara mutuwa. Badi'a maƙwabciyar Rahama ce a Madadi. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, ita ma ta zube ta wajen rijiya, saboda haka kajin gidajen biyu tare suke kiwo, tare suke shan ruwa. Da hantsi Badi'a ta leƙo ta inda katangar ta zube, tana riƙe da ƙafafun wata dakwalwa, kanta na reto.

"Maman Mahbub, zo ki taya ni gani. Jiya da la'asar wannan har jifan ta na yi a kan shanyar gero. Yau ga ta nan."

"Innalillahi! Ba ta yi gyangyaɗi ba?"

"Wane irin gyangyaɗi? Ita da 'yan uwanta na tarar a zube a bakin akurki, kamar an bi su da sanda."

Rahama ta san ciwon kaji, kamar yadda kowace mace a garin ta san shi. Da sanyi yake zuwa. Kaza ta takure, ta saki fukafukai, ta yi ta gyangyaɗi tana farin kashi. A jiƙa mata ɓawon maɗaci da barkono, a fasa jan kafso a ruwan shanta. Wadda za ta tashi ta tashi, wadda ba za ta tashi ba a yanka ta kafin ta zama mushe. Amma yanzu ba lokacin sanyi ba ne, kuma wannan bai ba kowa damar jiƙa komai ba.

Mijinta Lukuman tela ne. Kekensa a zaure yake, rediyo kuma kullum tana rataye a ƙusa sama da kansa. Da ta kai masa koko ta tarar ana maganar a rediyon: an samu ɓullar murar tsuntsaye a wasu gidajen gona, ana kira ga masu kiwo su kula, wani likita kuma yana bayanin cewa abin tsoron shi ne ranar da cutar za ta koyi bi ta jikin mutane. Lukuman ya cire allura daga bakinsa ya yi dariya.

"Sun dawo ke nan. Duk bayan 'yan shekaru sai sun tono ta. Ina saurayi aka yi irin wannan kururuwar, aka ce duniya a bakin kaza za ta tashi. Mutane suka daina cin ƙwai, masu shayi suka zauna suna hamma. Mu da muke koyon ɗinki a Gwarzo, a lokacin muka san daɗin cinyar kaza, don ta yi araha. To ga ni. Me ya same ni in ban da wannan tumbin?"

"To na Badi'a fa, Baban Mahbub?"

"Lokacin shuka ne. Sun tono iri mai magani a gonar wani sun ci. Ke dai bar 'yan rediyo, in ba su tsorata mutane ba me za su faɗa har azahar?"

Rahama ba ta yi musu ba, domin ba mai jayayya ba ce. Ta koma cikin gida ta tsaya tana kallon kajinta. Lafiya lau suke, suna tona a gindin turmi. Biyu daga ciki sun fara kwanci, suna bubbuɗa fukafukai suna wannan ƙara ta mai neman ƙwai. Sai ta yanke shawarar yin abin da ta ga uwarta ta yi, ta ga kakarta ta yi. In ciwo ya shigo gari, mace takan kwashe masu lafiya ta kai su gidan 'yan uwa a wani garin, su zauna can har iska ta wuce. Ba a roƙo a kan wannan, ba a kuma godiya mai yawa, domin gobe kai ma za a kawo maka.

Ban da haka ma, tun kafin ruwa ya sauka mahaifiyarta, Inna Hajjo, take aiko mata da saƙo daga Durun cewa tana neman kaza mai kwanci.

Inna Hajjo 'yar makiyaya ce. A bayan shanu ta tashi, amma shanun sun ƙare tun Rahama ba ta yi wayo ba, wasu ciwo ya ɗauka, wasu aka sayar aka sayi gona. Abin da ya rage mata shi ne zabi, irin da ta zo da su daga gidan ubanta ranar da aka kawo ta gidan miji, suna ta haihuwa suna maye gurbin juna har yau. Ba ta cewa zabina, garkena take cewa. Tun rasuwar mijinta su ne suke fito da ita daga ɗaki da sassafe. Zabuwa kuwa gwanar ƙwai ce amma ba ta iya raino ba. Sai ta zuba ƙwai a cikin ciyawa ta yi gaba abinta, in ma ta ƙyanƙyashe sai ta ja 'ya'yan cikin raɓa su mutu. Shi ya sa ake tsinto ƙwan a sa wa kaza, ita ta kwanta, ita ta raina.

Rahama ta ɗauko babban kwando, ta shimfiɗa ƙaiƙayi, ta kama kajin ta zuba, ta rufe da tsohon gidan sauro. Da ta kai hannu kan jan zakara sai Lukuman ya yi magana daga zaure.

"A'a, wannan ki bar min shi. Shi ne agogona. In kika tafi da shi kuma na makara sallar asuba, alhakin yana wuyanki."

Ta bar shi, da wasu tsofaffin kaji da ba su shiga kwandon ba. Ta goya Mahbub, ɗan acaɓa ya ɗaure kwandon a baya, suka kama hanya.

Rana ta take suka isa Durun. Inna Hajjo tana ƙarƙashin tsamiyar tsakar gida tana tankaɗe. Da ta ga kwandon sai ta ajiye rariya.

"Maraba, maraba. Ina gajiya? Ya maigidan? Ya wannan angon nawa mai ƙaton kai?"

"Lafiya lau, Inna. Yana gaishe ki. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Ya mutanen Madadi?"

"Lafiya, sai dai ciwon kaji ya shigo mana. Shi ne na ce bari in gudo da waɗannan."

"Kin kyauta wa kanki. Sake su su sha iska, tun da nan ma gidansu ne." Ta ɗaga gidan sauron, idonta ya faɗa kan masu kwancin, fuskarta ta washe. "Kai, 'yar albarka! Ga ƙwai can na tara a tukunya, kullum sai na juya su ina tunanin wa zai kwanta min."

Nan da nan ta gyara gurbi biyu a ɗakin da take ajiye tarkace, ta jera ƙwan zabin, ƙanana masu tauri, ta ɗora kajin a kai. Suka gyara zama kamar dama jira suke. Sauran suka bazu a tsakar gida, suka nufi kaskon ruwa da ke gindin randa. Zabin da suka dawo daga gona saboda zafin rana suka tsaya suna leƙen baƙi da wuya a miƙe, suna ta surutu, daga baya suka matso aka sa baki a kasko ɗaya. Yayan Rahama, Sajo, wanda shi ne yake riƙe da gidan yanzu, ya shigo da fartanya a kafaɗa ya tsaya yana dariya.

"Inna ta samu 'yan aikin raino. Rahama, sai ki dawo da kaka ki karɓi ladanki, zabuwa guda."

"Guda kawai, Yaya?"

"To da nawa? Ke kika kwanta a kan ƙwan?"

Da la'asar ta koma Madadi da kwando babu komai, zuciyarta sakayau.

Washegari agogon Lukuman bai buga ba. Gari ya yi haske Rahama ta fito ta tarar da tsofaffin kajin a zube a bayan murhu, sun sandare. Jan zakaran yana tsaye jikin bango. Kansa ya kumbura har idanun sun nutse, zankonsa da ke ja jawur jiya ya koma kamar an tsoma shi a rinin baba, ƙafafunsa sun yi ja kamar an sa masa lalle. Ta ƙwala wa Lukuman kira.

Ya fito ya duba, ya ce, "Kawo wuƙa, kada mu yi asara biyu."

Ta miƙo masa. Ya durƙusa a kan dutsen wasa wuƙa, ya goga ta gaba, ya goga ta baya, ya gwada a babban yatsa. Da ya juyo, zakaran ya riga ya kife, ƙafa ɗaya tana ɗan karkarwa, ita ma ta tsaya. Lukuman ya daɗe a durƙushe da wuƙar a hannu.

"Ikon Allah," ya ce. "Jiya fa shi ya kori na gidan liman har bakin masallaci."

Kafin azahar babu gidan da ba a fitar da mushe ba a unguwar. Mai unguwa ya aika Gwarzo, aka turo ma'aikatan lafiyar dabbobi. Shugabarsu wata mace ce mai sanyin magana, Malama Mansura. Ta sa aka tara mata a tsakar gidan mai unguwa, domin ta ce kaji na mata ne, da su za ta yi magana. Ta yi bayani a tsanake. Kada a yanka mara lafiya, kada a fige, kada a jefar da mushe a juji. A hana yara wasa da su. A wanke hannu da sabulu. Waɗanda suka rage a unguwar za a tattara su a binne, ko da ana ganin lafiyarsu ƙalau, domin kaza takan ɗauki ciwon tana yawo da shi kafin ya nuna.

Nan ne Rahama ta tuna kajin da ta kai Durun.

"Saura tambaya ɗaya," in ji Malama Mansura. "Don Allah kada a ji tsoro, ba kama kowa za a yi ba. A 'yan kwanakin nan, akwai wadda ta fitar da kaji daga garin nan zuwa wani wuri?"

Rahama ta sunkuyar da kai tana gyara goyo. Da ta saci kallo sai ta ga matar liman tana duban farcenta. Ta ga wadda ke kusa da ita ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta ga wata tsohuwa da ba ta taɓa rasa abin faɗa ba tana ta soshe-soshen ƙafa. Sai ta tuna jiya a hanya sun wuce wani ɗan acaɓa da kwando a baya, sun kuma wuce wani. Ashe ba ita kaɗai ba ce. Kowace mace a nan tana da uwa ko goggo ko ƙanwa a wani gari, kuma kowace ta yi abin da ya kamata mace mai hankali ta yi.

"Babu?" in ji Malama Mansura. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗaga murya ba. "To. Ga lambar wayata, in wata ta tuna wani abu."

Rahama ta sa lambar a wayarta a ƙarƙashin mayafi.

Da ma'aikatan suka zo yin feshi a gidansu, Lukuman ya tare shugabar a zaure, cikin ladabi amma da sauran ƙarfin gwiwarsa.

"Malama, tambaya gare ni. Kaji na gani da idona, ban musa ba. Amma wannan da ake ta faɗa a rediyo, mutum nawa ta kashe a ƙasar nan tamu ta Gwarzo?"

"Ni dai ban san ko ɗaya ba, Malam. Ba kasafai take kama mutum ba. Muna wannan wahalar ne don kada wata rana a samu amsar da za a ba ka."

Da suka tafi ya shigo cikin gida yana cewa, "Kin ji ko? Ko ɗaya. Da bakinta ta faɗa."

"Baban Mahbub, kajin da na kai wa Inna."

Sai ya rage murya. "Ki rufe bakinki. In kika faɗa, zuwa za su yi su kashe mata zabi kaf, masu ciwo da marasa ciwo. Tsohuwar nan me za ta tashi ta yi da safe? Naki lafiyarsu ƙalau kika tafi da su. Zabo kuma ba kaza ba ne, ɗan daji ne, jikinsa da ƙwari."

Maganar ta shige ta, domin abin da take so ta ji ke nan. Ta kira wayar Sajo. Ya ce lafiya lau, masu kwanci sun lafe a kan ƙwai kamar an dasa su, Inna har ta fara zaɓar wa 'ya'yan suna. Rahama ta yi hamdala. Ta wuni tana ɗaukar wayar tana ajiyewa, ba ta kira Malama Mansura ba.

Ba a jima ba, wata safiya tana dama koko, wayar ta yi ƙara. Sajo ne, muryarsa a dushe.

"Inna ta ce a gaya miki, kajinki sun mutu. Masu kwancin a kan ƙwan muka same su. Zabi ma sun fara faɗowa daga kan tsamiya. Ni ban taɓa ganin irin wannan ba, Rahama. Amma kada ki tayar da hankalinki, mun kama masu lafiya tun da asuba, zan kai su Masanawa wajen Goggo Adawiyya."

Ludayin ya suɓuce daga hannunta.

"Yaya, kada ka kai su! Don girman Allah kada ka fita da su!"

"Inna ta riga ta yanke. Mai kawai zan nemo in zuba wa babur."

Ta fito zaure ko mayafi ba ta gama yafawa ba. Lukuman ya dubi fuskarta, bai tambaye ta komai ba, ya kashe rediyo ya turo babur ɗinsa. Suka ajiye Mahbub wajen kakarsa ta wajen uba suka ɗauki hanya.

Tun daga ƙofar gida suka fara ganin su. Ɗaya a bakin zaure, ɗaya a jikin rumbu. A ƙarƙashin tsamiya kuwa sun zube kamar an karkaɗe 'ya'yan itace, zanen jikinsu tsaf, babu jini, babu rauni. Lukuman ya cire hularsa ya riƙe a hannu, bakinsa a buɗe. A tsakiyar gida babur ɗin Sajo yana tsaye, an ɗaure masa kwanduna biyu, Sajo yana jan igiya. Inna Hajjo tana gefe tana nuna masa inda zai ƙara ɗaurewa. Ɗankwalinta ya zame ba ta sani ba.

Rahama ko gaisuwa ba ta yi ba. Ta wuce kai tsaye ta zare makullin babur ɗin ta ƙulle a bakin zaninta.

"Ke Rahama, mene ne haka? Ba ni makullina."

"Ka yi haƙuri, Yaya. Ba zan bayar ba."

Tun da take ba ta taɓa ce masa a'a ba. Ya tsaya yana kallon ta kamar bai gane ta ba. Inna Hajjo ta matso.

"Ba shi makullinsa. Rana tana yi, za su galabaita a kwando."

Rahama ta durƙusa a gabanta. "Inna, ciwon nan a jikin masu lafiya yake tafiya. Ni na kawo miki shi. A kwandona ya zo, kajina suna ci suna sha. In aka kai waɗannan Masanawa, abin da ya faru a nan shi zai faru a gidan Goggo. Tana da agwagi, tana da talo-talo, ga tantabarun mijinta."

"Ke da wuta ta kama gidanki ina kika nufa?"

"Nan, Inna."

"Na ce ki koma da kajinki?"

"Ba ki ce ba."

"To ni Adawiyya ƙanwata ce, ciki ɗaya. Ke kin kawo naki an karɓa, ni ce ba zan kai nawa ba? Yaushe aka fara wannan a gidan nan?"

"Da kin kore ni ranar, Inna, da yau garkenki yana nan."

Lukuman ya yi gyaran murya ya ce, "Inna, a yi haƙuri a saurare ta. Ni ma da ina cewa surutun rediyo ne."

"Kai kuma tela, da allura aka san ka." Ta juya ga kwandon, tana kwance igiyar. "Ku zo ku gani da idonku. Ni na zaɓe su ɗaya bayan ɗaya, na duba ido, na duba ƙafa. Na fi shekarunku ina wannan aikin. Ga farar nan, da asuba sai da ta yage min hannu kafin in kama ta."

Ta zura hannu ta fito da farar zabuwa, wadda babu irinta a garken. Ta ɗaga ta sama don su gani. Wuyan zabuwar ya lanƙwashe ya kwanta a kan hannun tsohuwar. Bakinta a buɗe, tana jan numfashi da ƙyar, gefen idonta ya kumbura. Inna Hajjo ta girgiza ta kaɗan, kamar mai tashin yaro daga barci. Ta sake girgiza ta.

"Da asuba fa," ta ce. "Da asuban nan."

Ta zauna a ƙasa daɓas, zabuwar a cinyarta. Rahama ta karɓe ta a hankali da bakin tsumma ta ajiye a gefe, ta kawo ruwa da sabulu ta wanke wa uwarta hannu har gwiwa. Tsohuwar ba ta hana ba, ba ta kuma dube ta ba. Sajo ya kwance kwandunan ya sauke su a inuwa.

Sa'an nan Rahama ta koma bayan rumbu ta kira lambar nan. Ta faɗi sunanta, ta faɗi abin da ta yi da inda take. Malama Mansura ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce kada a bar komai ya fita daga gidan, za ta nemi abokan aikinta na Kabo, masu kula da Durun, su zo tare. Kafin ta ajiye wayar Rahama ta ƙara da cewa, "Malama, ki sake tara matan unguwarmu. Ki ce musu ni na fara faɗa."

Bayan azahar suka iso, sanye da fararen riguna da safar hannu da takunkumi. Sajo da Lukuman sun riga sun haƙa rami mai zurfi a bayan gida. Aka kwashe na ƙasa, aka ɗauki na kwando, aka kwashe ƙwan da ke gurbi. Amma fiye da rabin garken ba ya gidan. Waɗanda ba a kama da asuba ba suna gona, kuma da suka hango fararen riguna sai suka ƙara nisa. Ma'aikatan suka bi su da raga. Zabo kuwa ba a kama shi da gudu. Ka nufo shi ya sheƙa, ka matsa ya tashi sama ya sauka a gonar gaba yana yi maka surutu. Maza suka yi ta faɗuwa a kunyoyin gero har suka haƙura suka dawo suna haki.

Malama Mansura ta sauke takunkuminta, ta zo ta durƙusa a gaban Inna Hajjo, ta gaishe ta da kyau, ta yi mata jaje kamar yadda ake yi wa wanda ya yi rashi.

"Inna, mun kasa. An ce ke kaɗai suke ji."

Tsohuwar ta ce, "In na bar su a dajin fa? Wanda Allah ya raya ya rayu."

"Wasu za su iya rayuwa, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma da yamma ina suke shan ruwa in ba su dawo gida ba?"

"Fadama."

"Su kaɗai?"

Inna Hajjo ta dubi wajen fadamar. Daga inda take zaune ana hango rufin gidajen maƙwabta, kuma babu gidan da ba ta san abin da ke cikin akurkinsa ba. Ta gyara ɗankwalinta ta ɗaure shi tamau.

"Ku shiga bayan rumbu, dukanku. Kada su ga farin kaya. Sajo, buɗe min ɗakin tarkace. Ke kuma," ta ce da Rahama, karo na farko da ta dube ta tun safe, "ɗebo min gero a ƙwarya. Mai kyau, ba na tsaba ba. Cika ta."

Rahama ta ciko ƙwaryar ta kawo da hannu biyu. Inna Hajjo ta karɓa ta fita bakin gona ita kaɗai. Ta tsaya, ta girgiza ƙwaryar, ta ɗaga murya ta yi kira. Wani dogon kira ne mai tashi da sauka, irin wanda ake yi wa maruƙa da yamma.

Da farko babu abin da ya motsa. Can sai kai ɗaya ya ɓullo daga cikin gero, sai wani, sai wani. Suka taho a guje, wuya a miƙe, suna ture juna, wasu na tashi sama-sama don su riga. Suka kewaye ƙafafunta. Ta juya tana tafiya a hankali tana zuba geron kaɗan-kaɗan, suna bin ta, ta ratsa tsakar gida, ta wuce tsamiya, ta shiga ɗakin. Rahama tana leƙe daga bayan rumbu, ta toshe bakinta da mayafi. Ta ji an juye sauran geron a ƙasa. Inna Hajjo ta fito da baya, ta jawo ƙyauren ta rufe, ta sa sakata.

Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya taso da buhu a hannu. Tsohuwar ta ɗaga masa hannu, bayanta jingine da ƙyauren.

"Ɗan nan, dakata. Bar su su gama ci."

Ya dubi Malama Mansura, ta gyaɗa masa kai. Kowa ya tsaya inda yake. Daga cikin ɗakin ana jin ƙarar bakunansu a kan daɓe.